Zaman Mutanen Arewa da Mallakar Gida a Unguwar Festac ta Legas

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin hulɗar ƙasar Hausa da bakin teku, galibi abin da ake kawowa shi ne fataucin goro da shanu da kuma aikin soja. Ba kasafai ake tsayawa a kan tambayar da ta fi damun duk wanda ya taɓa zama a can ba, wato ina mutum zai kwana, kuma gidan da yake kwana a ciki na wane ne? Wannan maƙala ta duba wannan tambaya ne ta hanyar tarihin unguwa guda, wato Festac, wadda ke kan hanyar Badagry a yammacin birnin Legas. Na zauna a wannan unguwa da iyalina daga 1978 zuwa 1993, gidan kuma ya ci gaba da zama nawa har 2003. Saboda haka mai karatu zai ga na haɗa abin da tarihi ya tabbatar da abin da na gani da idona.

Zaman Hausawa a Ikko Kafin Festac

Hausawa ba baƙi ba ne a Ikko, kamar yadda iyayenmu suke kiran Legas. Turawan Ingila sun karɓe garin daga hannun Sarki Dosunmu a 1861, kuma a 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai daga cikin Hausawan da ya tarar a can, waɗanda da yawansu bayi ne da suka kuɓuta. Wannan runduna tana cikin tushen sojan Nijeriya. Unguwar Obalende, wadda ke maƙwabtaka da barikin Dodan, ta samo asali ne daga zaman sojoji da iyalansu. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai tafiyar da fatake suke yi wata da watanni ta koma ta kwanaki. Agege, da yake tana kan layin kuma tana tsakiyar gonakin goro, sai ta zama babban zango.

Abin lura a nan shi ne yadda tsarin zama yake a irin waɗannan zanguna. Baƙo ba ya neman gida, maigida yake nema. Fatoma shi ne mai masauki, shi ne mai ajiyar kaya da kuɗi, shi ne mai tsaya wa baƙo idan ya ci bashi ko ya shiga rigima. Shi kansa fatoman, filin da ya gina gidansa a kai galibi ya same shi ne daga hannun iyalan Yarabawa masu ƙasa, bisa yarjejeniyar da dattawan ɓangarorin biyu suka shaida. Don haka masu gidaje kaɗan ne, masu kwana a cikinsu kuwa ba su ƙirguwa. Mutum zai yi shekara talatin a Agege, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, amma duk abin da ya samu gida yake aikawa a gina masa ɗaki a garinsu. A wurinsa Ikko kasuwa ce, kuma ba a yin gini a kasuwa.

Ni ma ta wannan ƙofa na shiga. A 1972 na hau jirgin ƙasa daga Kano zuwa tashar Iddo domin kama aikin akawu a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya. Mahaifina ya ba ni wasiƙa zuwa ga wani abokin cinikinsa na goro a Agege, na yi wata takwas ina kwana a zaurensa tare da fatake. Daga baya na kama ɗaki ɗaya a Idi-Araba, a irin gidajen nan masu ɗakuna jere suna fuskantar juna, bayi ɗaya, madafa ɗaya ga mutum fiye da arba'in. A nan na kawo amarya a 1975.

Yadda Aka Gina Festac

Matsalar gidaje a Legas tsohuwa ce. Tsibirin ƙarami ne, ruwa ya kewaye shi, kuma mafi yawan ƙasar da ke bayansa fadama ce. Annobar da ta ɓarke a 1924 ita ta sa aka kafa hukumar tsara birnin a 1928. A tsakiyar shekarun 1950 aka fara rushe tsofaffin gidajen tsakiyar tsibiri ana mayar da mutane Surulere. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka shigo, sai jama'a suka yi ta kwarara, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. A daidai lokacin kuma Nijeriya tana shirin karɓar baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka taƙaita sunansa da FESTAC. Sai aka yanke shawarar a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a gina garin da zai saukar da baƙin biki, bayan an watse kuma a raba wa 'yan ƙasa gidajen.

Wurin da aka zaɓa yana yankin Amuwo-Odofin, ƙasar mutanen Awori, tsakanin Mile 2 da Ojo. Dausayi ne mai kwakwar manja da ciyayin ruwa, kuma daga kudancinsa akwai rafin Badagry, wanda siririyar ƙasa ce kawai ta raba shi da teku. Aka sare daji, aka yi ta zuba yashi har ƙasa ta taso, aka haƙa manyan magudanai da za su riƙa kwashe ruwan sama suna kai shi rafi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na yashi da magudanai, domin kusan duk abin da ya sami unguwar daga baya yana komawa gare shi ne. An yi aikin ne a zamanin da aka yi odar siminti fiye da kima, har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa a 1975 suna jiran sauke kaya.

An yi bikin daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, kuma ƙasashe fiye da 50 suka halarta. Dattawanmu za su fi tuna shi da gagarumin hawan daba da aka yi a Kaduna. Mu da ke Legas kuwa abin da ya tsaya mana a rai shi ne garin da aka gina. Gidaje ne kimanin 5,000 a kashin farko, an jera su a kan manyan tituna guda bakwai. Daga kowane babban titi ƙananan hanyoyi masu lamba suna fita, daga su kuma sai lunguna marasa ɓullewa masu harafi, A, B, C. Akwai benaye masu fulat da yawa domin masu ƙaramin albashi, akwai kuma gidaje masu zaman kansu domin manya. An saka fitilun titi da famfo, an haɗa bayin kowane gida da babban bututu guda a ƙarƙashin ƙasa, an ware wuraren makaranta da kasuwa da ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, an kuma bar filaye domin wasan yara da shan iska. Ga wanda ya fito daga Idi-Araba, ganin wurin kamar mafarki ne.

Ƙuri'a da Takarda

Bayan an watse daga biki, sai aka sayar da fom, aka kasa masu nema gwargwadon abin da suke samu a shekara, sannan aka jefa ƙuri'a. Wanda ya dace zai riƙa biya kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru har gidan ya zama nasa. An kuma gindaya sharaɗin cewa ba a yarda mutum ya ba da gidan haya ko ya sayar wa wani ba.

A ofishinmu mu bakwai ne 'yan Arewa, amma mu biyu kaɗai muka cike fom. Sauran suka ce me za su yi da gida a ƙasar da ba a nan za a binne su ba? Akwai kuma wani dalili mai ƙarfi. Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Wato ke nan mun shiga bashin gida a garin da aka riga aka gaya mana aikinmu zai bar shi. Gaskiyar magana ita ce a lokacin ba mu yarda za a tashi a zamaninmu ba. Abuja daji ce, Legas kuwa ga sabuwar sakatariya a Ikoyi, ga gadar Eko, ga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da aka buɗe a 1977.

Da sunana ya fito, na sami fulat mai ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, sai na ɗauki hutu na tafi gida domin in sanar da mahaifina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, ina iyakar filin naka?" Na ce, "Baba, ai ba ni da fili, sama nake, akwai mutane a ƙarƙashina, akwai wasu a bisana." Ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, ka sayi ɗaki a iska ke nan. Allah ya sanya alheri. Amma ka sani kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na daɗe ina jin haushin wannan magana. Sai daga baya na gane tambayarsa tambayar shari'a ce, ba ta rashin wayewa ba.

Dalili kuwa, a watan Maris na 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, ban da waɗanda ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta. Daga ranar, abin da mutum yake riƙewa shi ne izinin zama na wasu shekaru, galibi 99, da takardar shaida. Ga mu 'yan Arewa wannan ba sabon abu ba ne sosai, domin tun dokar 1910 da ta 1962 ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar hukuma. A ƙasar Yarabawa kuwa, inda fili na dangi ne, dokar ba ta kashe tsohon tsari ba, sai dai ta hau kansa. Wanda ya je sayen fili a bayan gari, a Ojo ko Okokomaiko ko Ikorodu, sai ya biya iyalan masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, sannan ya koma ya bi takardun gwamnati. Wani lokaci ɓangare ɗaya na dangin ya sayar, ɗaya ɓangaren ya zo ya ce bai sani ba. Na san wani mai sayar da raguna a Alaba Rago wanda ya biya kuɗin fili ɗaya sau biyu, kuma ranar da zai zuba dakin aka sake tsayar da magina sai da ya ba da wani abu. Babbar falalar Festac ita ce ta raba mu da wannan. Ba mu da maigida, ba mu da omo onile, sai takarda. Amma fa takardar ita ce komai namu.

Zaman Yau da Kullum

Wanda ya zana gidajen Festac bai san zaure ba. Ƙofa ɗaya ce, kana buɗe ta kana cikin falo, daga falo kuma ana hango madafa. Baƙo namiji ba shi da inda zai tsaya ya yi sallama a shiga da shi. Mun rataya labule mai kauri tsakanin falo da hanyar ɗakuna, shi ya zama mana zaure shekara goma sha biyar. Babu tsakar gida, saboda haka shanya da tankaɗe da tsinkar zogale duk a baranda ake yi. Daka kuwa ya zama abin rigima, domin da zarar an saka taɓarya a turmi, maƙwabcinmu na ƙasa, wani malamin makaranta daga Ijebu, sai ya ji kamar a kansa ake yi. A ƙarshe muka sauko da turmin gindin bene, matarsa ma ta riƙa kirɓa sakwara a ciki. Ragon layya a ƙarƙashin matakala yake kwana, yaran bene duka, Musulmi da Kirista, su ne masu kawo masa ciyawa.

A benenmu akwai Yarabawa da Ibo da mutumin Kalaba da wani ɗan Tibi mai aikin kwastan. Wannan shi ne babban bambancin Festac da Agege ko Idi-Araba: ƙuri'a ba ta san ƙabila ba, ba ta tara mu wuri ɗaya ba. Babu Sarkin Hausawa a bakin layi da za a kai wa ƙara, sai ƙungiyar mazauna bene, mai taro ranar Asabar ta ƙarshen wata. 'Ya'yana sun tashi suna jin Yarabanci da Turancin Buroka fiye da yadda nake ji, har ya zama dole in kafa dokar cewa da an shigo ƙofa sai Hausa. Domin karatun allo kuwa, mu iyayen yara 'yan Arewa muka haɗa kuɗi muka ɗauko malami daga Mile 2 yana zuwa da yamma.

Sai kuma iskar teku. Mutumin da ya tashi inda rani yake wata bakwai ba ya gane laima sai ya zauna a bakin ruwa. Damina a can tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Babbar riga idan ta yi wata biyu a akwati sai a tarar ta yi fumfuna. Takalmin fata ya yi kore. Kilishi da daddawa da kuka da ake aiko mana daga gida, idan ba a rufe su sosai ba, mako biyu sun lalace. Ƙarfen taga da kan famfo da ƙasan mota duk tsatsa take ci, saboda gishirin da ke cikin iska. Gidan bakin teku ba ya haƙuri da mai shi kamar gidan ƙasa na Arewa, wanda yaɓe ɗaya a shekara ya ishe shi. Kullum akwai abin da ke neman gyara.

Zuwa aiki ma wani babi ne. Daga Festac zuwa Ikoyi sai an bi Mile 2 da Orile da Iganmu a hau gadar Eko. Gosulo ya yi tsanani har a 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga tsakiyar gari tsakanin motoci masu lambar mara da masu lambar cika. Masu hali suka sayi mota ta biyu, mu kuwa muka ci gaba da shiga molue. Ina yin sallar asuba in fita, ba na dawowa sai bayan isha'i.

Lalacewar Tsari

A shekarun farko komai yana aiki. Abin ya fara sauyawa ne a cikin shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan aka kawo shirin SAP a 1986. Kuɗin kula da unguwa suka ragu, injinan tura ruwa da na bututun bayi suka riƙa tsayawa. Kowane bene ya haƙa rijiyarsa da sokawe nasa, a ƙasar da ana haƙa kaɗan ake tarar da ruwa. Mai karatu zai iya hasashen abin da ke faruwa idan rijiya da sokawe suka yi maƙwabtaka a cikin yashi.

Ba zan ɗora wa hukuma laifin duka ba, domin mu ma mazauna mun yi namu. Albashi ya daina isa, sai sharaɗin hana haya ya zama labari. Aka mayar da gareji shago, aka ƙara ɗakuna a bayan gida, fulat da aka yi domin mutum shida ya ɗauki goma sha biyar. Filayen wasan yara da gefen magudanai aka yi ta yanka su ana gini. Shara ta cika lambatu, ciyawar ruwa ta rufe manyan magudanai. Unguwar da aka ƙwato daga fadama da ƙarfin yashi, ranar da aka toshe hanyar ruwa, sai ruwan ya fara dawowa wurinsa. Titin da muke tafiya a kai da takalmin ofis ya zama sai an naɗe wando a watan Yuni.

Duk da haka mun fi wasu sa'a nesa ba kusa ba. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ƙarƙashin Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, wadda ke gefen tsibirin Victoria, bayan wa'adin kwana bakwai. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni da kimanin 300,000, kuma a tsakiyar damina aka yi abin. Dalilin da aka bayar shi ne wurin ya yi ƙasa da yawa, ruwa yana cinye shi, bai dace da zaman mutane ba. Bayan an tashe su sai aka cike wurin da yashi, ya zama ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Akwai 'yan Arewa masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa a cikin waɗanda abin ya shafa, biyu daga cikinsu sun kwana a falona mako uku. Maroko da Festac duk fadama ce. Abin da ya raba su shi ne wanda ya zuba yashin, da irin takardar da ke hannun mazauna.

Tashi

Ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya koma Abuja, ma'aikatu kuma suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya. Kafin namu sashen ya tashi sai ga rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Duk wanda ya zauna a Legas a wannan shekara zai tuna yadda tashoshin mota suka cika da 'yan Arewa da mutanen Gabas, kowa da katifa da buhu a ka. A cikin Festac ba wanda ya taɓa mu. Hasali ma maƙwabcina na ƙasa, mai ƙorafin turmi, shi ya zo ya ce, "Malam, idan wani abu ya taso ka sauko da yara wurina." Amma iyaye a gida sun tayar da hankali, sai na tura iyali Arewa a watan Agusta, ni kuma na bi aiki Abuja kafin ƙarshen shekara.

A wannan lokaci ne 'yan Arewa da yawa suka rabu da gidajensu a Legas da araha, saboda mai sayarwa cikin tsoro ba ya ciniki. Ni ban sayar ba, na saka ɗan haya ta hannun wani dillali. Shekara biyu kuɗi suna zuwa, daga nan suka fara zuwa rabi, daga baya suka ɗauke. Da na je a 1998 sai na tarar wanda na bai wa haya ya daɗe da tashi, ya saka wani, shi kuma wannan yana biyan dillalin da ya ce masa gidan nasa ne. Sai da na ɗauki lauya kafin in karɓi mabuɗina. A nan ne kuma na gano nawa sakacin. Rasiɗan biyan kuɗin gida na shekaru da yawa na bar su a cikin wani akwati a saman kabad, laima da gara sun mayar da su gari. Na yi kusan shekara biyu ina zirga-zirga tsakanin Abuja da Legas kafin in haɗa shaidar cewa na gama biya. Rikicin Idi-Araba na watan Fabrairun 2002, wanda aka yi asarar rayuka da gidaje a unguwar da na fara zama da iyali, shi ya ƙarasa karya mini gwiwa. A 2003 na sayar wa wani ɗan kasuwar Alaba, na gina gidan da nake ciki yanzu da kuɗin.

Na kawo wannan ne saboda na san akwai gidaje a Festac da Satellite Town da rukunin gidajen da Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983 waɗanda masu su 'yan Arewa ne da suka riga mu gidan gaskiya. Magada suna Kano ko Katsina ko Sakkwato, sun san dai "Baba yana da gida a Legas", amma ba su san lambar titi ba, balle inda takardar take. Idan aka zo rabon gado sai a rubuta gidan a takarda, a ba wa wani kasonsa a ciki, alhali wani ne daban yake karɓar haya shekara ashirin. Dattijon da ke da irin wannan gida ya kamata ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya kai shi, ya nuna shi ga maƙwabta da ƙungiyar mazauna, ya kuma ajiye takardar ba da gida da rasiɗai a nan Arewa inda iska take a bushe.

Bakin Teku a Yau

Abin da aka yi a Festac shi aka ci gaba da yi a gabashin birnin, a Lekki da Ajah, sai dai yanzu kamfanoni ne suke zuba yashin, kuma babu ƙuri'a, sai mai kuɗi. 'Ya'yanmu da jikokinmu masu aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa suna sayen gidaje a can. Ruwa kuma bai sauya hali ba. Ambaliyar 10 ga Yuli, 2011 da ta watan Yulin 2017 sun shiga gidaje masu tsadar gaske. Bar Beach, inda muke kai yara kallon teku ranar sallah, ta daɗe tana zaizayewa tun bayan da Turawa suka gina katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, abin da ya tare yashin da igiyar ruwa take kawowa. Yanzu babu ita, an cike wurin an kafa sabon garin Eko Atlantic a kai. Da ɗan ƙanena ya kira ni yana neman shawara a kan wani gida a Ajah, abu biyu na ce masa: ya kai takardun wurin lauyan da ba na mai sayarwa ba, kuma kada ya je ganin gidan a watan Janairu, ya bari sai Yuli, bayan an kwana ana ruwa.

A 2024 na je Legas ɗaurin aure, sai na ce a kai ni Festac. Mun hau sabon jirgin ƙasa na cikin gari wanda ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar da nake yi awa biyu a molue muka yi ta cikin mintuna kaɗan. Benen yana nan, an kewaye shi da katanga da ƙofar ƙarfe. An toshe barandarmu da bulo an mayar da ita ɗaki. Malamin Ijebu ya rasu, 'yarsa ce a fulat ɗin, ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Darbejiyar da na kawo daga gida a cikin gwangwani na dasa a 1979 ta wuce hawa na biyu, wani mai shayi ɗan Tawa ya kafa teburinsa a gindinta. A jikin katangar, kamar kamu biyu daga ƙasa, akwai layin da ruwan daminar da ta wuce ya bari.